Bakwai da Minti Goma

Agogo biyu ne a bangon rumfarmu ta gyaran jirage. Na dama yana tafiya da lokacin Njamena, na hagu yana bayansa da awa guda cur. Na hagun muke kira agogon sama, kuma da shi ake rubuta lokaci a littafin kowane jirgi a duniya, don kada mai tashi daga wani gari da mai jiransa a wani su yi gardama. Ranar da Alhaji Bishara ya sayi kamfaninmu ya shigo zagaye, ya tsaya ya dubi bango, ya ce, "Wane sakarai ne ya bar agogo a lalace? A sa masa batir." Muka sunkuyar da kai muna cije leɓe. Mutum ne da ya yi arziki da tireloli a hanyar Kuseri, a wurinsa jirgi ma tirela ce da aka liƙa wa fukafukai. Ban yi masa bayani ba, don ni wallahi ba ni da haƙurin koyar da mai kuɗi.

Sunana Nojimbai, amma Shef, wato oga, kowa ke kirana. Shekara ashirin da shida ina bakaniken jirgi, kuma abin da na mallaka a duniya wanda ya fi gidana na Mursal daraja shi ne wani ɗan hatimi mai lamba goma sha bakwai. In na buga shi a littafi, ma'anarsa na gani da idona, na taɓa da hannuna. Kowane shafin littafin yana da lamba, kuma biyu ne manne da juna: farin ya zauna cikin jirgi, jan a yage shi a ajiye a ƙasa, saboda ranar da jirgi bai dawo ba. Ba a gogewa, ba a kankarewa. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai, yadda kowa zai iya karanta wautarka.

Matuƙinmu Kyaftin Kore Jiddi ne, mutumin Faya, dogo kamar sanda. Direban raƙumi nake ce masa, shi kuma ya ce mini mai cin kifi. Kullum da safe zai buɗe littafi, ba ya ko karanta rubutuna, sai ya nemi lambar ya ɗora yatsa a kai. "In na ga sha bakwai ɗin nan, mai cin kifi, ko ido a rufe sai in tashi."

Ranar Talata da yamma, bayan ya sauka ya tafi gida, na buɗe injin hagu na ji warin mai inda bai kamata ba. Bututun man ya tsage, tsaga siririya kamar gashi, daf da inda injin ya fi zafi. Na rubuta a shafi na 412 cewa jirgin nan ba zai tashi ba sai an canza bututu, na buga hatimi, na yage jan na sa a durowa. Na je na gaya wa Hisen, ƙanin matar Alhaji, tsohon soja da aka ɗora a kanmu da sunan manaja. Ya ce sabon bututu ai ya iso, yana ɗakin kayan kwastan, in sammaka in karɓo, za a ɗage tashin Faya zuwa azahar. Na wanke hannu, na wuce ƙusar da muke rataye jajayen ƙyallayen da ake ɗaure wa sitiyarin jirgin da aka hana tashi, na hau babur na tafi gida.

Laraba da safe ina tsaye gaban ɗakin kwastan, bututu a hammata, na ji ƙarar injin da zan gane ko ina cikin kabari. Na juya. Jirginmu ne yake gudu a kan titin tashi. Na yar da takardun hannuna na ruga ina ihu kamar mahaukaci, har wani jandarma ya tare ni da bindiga. Ƙarfe bakwai da minti arba'in a agogon gari ya ɗaga sama. Minti ashirin da biyar bayan nan hasumiyar filin jirgi ta daina jin muryar Kore.

A dajin ƙaya gefen Masaget ya faɗi. Na bi motar kashe gobara, kuma da ma ban je ba. Mutum goma sha ɗaya, ba wanda za ka ce ga fuskarsa. Suna nan ɗaure a kujeru, sun ƙanƙance, sun yi baƙi, hannuwa a sama. Can nesa da wutar na ga hannun mace shi kaɗai, da lallensa da awarwaro. Warin kuwa, har yau ba na iya wucewa ta gaban masu gasa nama a Farsha. Ina durƙushe ina amai aka fizgo wuyan rigata ta baya. Togoi ne, ƙanin Kore. Ya zare wuƙar da suke ɗaurawa a damtse, ya buga mini ƙotarta a goshi, jini ya rufe mini ido ɗaya.

"Kai ne mai sa hannu!" yana ihu, yana ƙara mini. "Kullum sunanka yake kira! Kai ka sa hannu!"

Sai da mutum huɗu suka ɗauke shi daga kaina. Yana tafiya yana rantsuwa cewa duk wanda takarda ta nuna, shi zai yanka shi da hannunsa.

Da na koma rumfa na buɗe durowa. Ja na 411 yana nan, na 412 babu. A ƙarƙashin inda injin hagu ya kwana na tsinci guntun sandar walda. Nan na gane komai. Sun kawo mai waldan garejin tireloli ya liƙe bututun man jirgi kamar tukunyar salansa, sun yage shafina fari da ja, Kore ya buɗe littafi ya ga shafin jiya da sha bakwai a ƙasa, ya ɗora yatsa, ya tashi.

Ranar Juma'a, da kowa ya tafi masallaci, ina zaune ni kaɗai na ji ana jan babbar ƙofar rumfa. Hisen ne da ƙarti biyu daga gareji, Alhaji Bishara a bayansu yana jan carbi. Hisen ya ajiye takarda a teburina. Jan shafi ne sabo fil, lamba 412, ko warin maɗaba'a bai bar shi ba.

"Shef," in ji Alhaji, murya a ƙasa, "abin da ya faru ya faru, Allah ya ji ƙansu. Ranar Litinin masu bincike za su karɓi takardu. Ka rubuta an sa sabon bututu, ka gwada, lafiya lau. Shi ke nan."

"Sai kuma a ce me ya kayar da jirgin?"

"Matuƙi mana. Ya gaji, ya yi kuskure. Matacce ba ya zuwa kotu."

"In kuma suka tono walda a cikin tokar fa?"

Hisen ya yi dariya. "Sai a tambayi mai hatimi."

Kun ji fa. Igiya ɗaya ce, ko ta shiga wuyan Kore ko ta shiga nawa, su dai nasu wuyan yana cikin rawani. Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana suna ƙara. Na ce, "Alhaji, mutum goma sha ɗaya ka gasa saboda kada jirgi ya yi jiran awa biyar. Ka ɗauki takardarka ka je ka goge abin da ka saba gogewa da ita."

Ban ga lokacin da Hisen ya ɗauki babbar sifanar kwance noti ba. A haƙarƙari ta same ni, na ji abu ya ce ƙas, numfashi ya tsaya. Na faɗi, suka bi ni da takalma, ciki, baya, fuska. Ɗinkin goshina ya ɓalle. Na kama ƙafar ɗaya na gantsara masa cizo har na ji gishirin jini, ya yi ƙara kamar akuya, wannan kam na ji daɗinsa. Suka ɗaga ni suka ja ni zuwa teburin aiki, inda matsen ƙarfe yake, wanda muke damƙe kaya da shi in za mu goga.

"Ba dama ba, jakai," in ji Hisen. "Da ita zai yi rubutu. Hagu."

Suka cusa yatsuna uku a bakin ƙarfen. Hisen ya kama hannun juyawa, ya juya sau ɗaya, a hankali, yana kallon fuskata.

"Tsoho, biro ko ƙari?"

Na tofa masa yawu da jini. Ya ƙara juyawa. Ban san ina da irin wannan muryar ba sai ranar. Farcen tsakiya ya fashe ya tashi, jini ya bi ƙarfe yana ɗiga a kan takalmina. A juyi na uku na ji ƙasusuwan sun ba da kai ɗaya bayan ɗaya, na saki fitsari a wando, a gaban yaran da na girmi iyayensu. Daga nesa ana jin huɗuba a lasifika. Alhaji ya juya baya yana kallon bango, carbinsa bai tsaya ba.

"Ya isa haka?" ya tambaya.

"Kansa da tauri," in ji Hisen. Ya sunkuyo daf da kunnena. "Shef, gidan nan mai shuɗiyar ƙofa a Mursal, kusa da mai sayar da gawayi. Matarka, Madam Deneram, tana fita coci ƙarfe shida, ita kaɗai. Mu je mu gaishe ta?"

Nan na karye. Ba na ɓoyewa, na karye. Na ce a kwance ni.

Suka zaunar da ni, suka naɗe hannun da tsumman goge mai don kada jini ya ɓata takarda. Na rubuta abin da suka ce, kalma bayan kalma: an cire tsohon bututu, an sa sabo, an gwada, ba yoyo. Na iso ƙaramin gidan da ake sa lokaci, na tsaya. Na ɗaga kai na dubi bango, ga agogo biyu, ga ƙusa da jajayen ƙyallaye uku suna rataye. Wani abu ya faɗo mini a rai, sai na yi muryar wanda ya gama mutuwa.

"Wane lokaci zan sa, Alhaji?"

"Jirgin yaushe ya tashi?" ya tambayi Hisen.

"Bakwai da arba'in."

Alhaji ya dubi agogon zinaren hannunsa kamar amsar tana ciki. "Sa bakwai da minti goma. Rabin awa kafin tashi, ya yi daidai."

Na sa bakwai da minti goma. Na hura wa hatimi iska, na buga, sha bakwai ta fito tsaf. Alhaji ya ɗauki takardar ya duba ta sama da ƙasa, ya ce, "Ka ga, da tun farko ka yi haka." Ya ce a kai ni asibiti a ce injin ne ya kama mini hannu.

Litinin aka kira mu ofishin masu bincike. Shugabarsu Madam Ashta Seyid ce, 'yar gajeriyar mace mai tabarau, wadda ta yi shekara goma tana tashi da jirgin kaya kafin ta zauna a tebur. Alhaji ya zauna a damana, Hisen a haguna, gwiwarsa tana taɓa tawa. Jandarma ɗaya yana bakin ƙofa. Ta tambayi hannuna, Hisen ya amsa kafin in buɗe baki. Ta dube shi ta saman tabarau.

Ta shiga bin jajayen shafuka ɗaya bayan ɗaya, tana lasar yatsa. Da ta iso na 412 ta karanta, ta wuce. Na ce a raina shi ke nan, na kashe Kore sau biyu. Sai na ga yatsanta ya tsaya. Ta dawo baya. Ta jawo wata takarda, ta hasumiya, ta ajiye su gefe da gefe.

"Shef Nojimbai, wannan hatiminka ne?"

"Nawa ne, Madam."

"Da wane agogo kake rubutu?"

"Wanda aka koya mini."

"Ka taɓa rikita shi da na gari?"

"Ga shafuka nan ɗari huɗu da goma sha ɗaya a gabanki, Madam. Ki duba."

Hisen ya danna mini gwiwa, bai san me ake ciki ba amma hancinsa ya ji wari. Madam ta cire tabarau.

"Hasumiya ta ce jirgin ya tashi shida da minti arba'in. Ta daina jinsa bakwai da minti biyar. Kai kuma ka ce ka gama ɗaura masa bututu bakwai da minti goma. Wato ka yi gyara a jirgin da ya yi minti biyar yana ci da wuta a Masaget?"

"Wane irin shida?" Alhaji ya yi tsalle daga kujera. "Hajiya, hasumiyarku ta yi kuskure! Bakwai da arba'in ya tashi, kowa ya sani, ga agogona!"

"Na ga agogonka, Alhaji," in ji ta. "Yanzu na san da agogon wa aka rubuta wannan shafin." Ta juyo gare ni. "Shef, kwance hannun nan in gani."

Na fara warware bandeji da haƙori. Hisen bai jira ba. Ya daka tsalle ya haye tebur ya cafko jan shafin, ya cusa a baki zai haɗiye, da ɗayan hannun ya damƙi yatsuna karyayyu ya murɗe. Na ga taurari. Amma na dama lafiyarsa ƙalau, kuma abin huda takarda na ƙarfe yana kan tebur. Na sauke masa shi a kunne da duk abin da ya rage mini na ƙarfi, na ƙara, na ƙara, ina kiran sunan Kore. Jandarman ya iso ya buga wa Hisen gindin bindiga a baki. Takardar ta fito tare da haƙora biyu, jiƙe da jini da yawu, amma lokacin yana nan ana karantawa. Alhaji kuwa ya maƙale a kusurwa yana cewa shi bai san komai ba, aikin Hisen ne, shi ko injin babur bai iya buɗewa ba.

Da aka fitar da su, Madam ta sa aka kawo mini ruwa da shayi. Na ba ta labari tun daga Talata, tana rubutawa. Na gaya mata inda na ɓoye guntun sandar walda. Ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi, har na fara tunanin yadda zan ba Deneram labarin. Ta gama, ta juya takardar, ba ta miƙo mini ba.

"Saura tambaya ɗaya. Jiya na shiga rumfarku. Jajayen ƙyallaye nawa kamfanin yake da su?"

"Uku."

"Uku na ƙirga a ƙusa. Ranar Talata, da ka hana jirgin tashi, ka ɗaura ɗaya a sitiyari?"

Na ture kofin shayin gefe. Ta ci gaba.

"Kana da lambar wayar Kyaftin Kore?"

"Na rubuta a littafi, Madam," na ce, kuma ni kaina na ji yadda muryar ta fito. "Na rubuta, na buga hatimi."

"Na sani. Ka ɗaura?"

Ban ɗaura ba. Na wuce ƙusar nan da hannuna a jiƙe, na ce a raina ai yana cikin littafi, wa zai taɓa abin da sha bakwai ta hana? Ina sauri in kai gida kafin kifi ya huce. Da ƙyallen yana sitiyari, ko sun yage shafi ɗari sai sun kwance shi, kuma mai gadi da mai zuba mai duk da sun gan shi ta gilashi tun daren. Da na kira Kore, kalma uku ta isa. Shekara tara muna zagin juna kullum da safe, amma ranar da ya kamata in kira shi ban kira ba. Na kifa kai a teburin matar nan na yi kukan da ban yi a Masaget ba, ban yi a bakin matsen ƙarfe ba.

Ta bar ni sai da na gama. Ta ce ba dole ne ta sa wannan da bakina ba, za ta iya rubuta shi a matsayin abin da bincike ya gano. Na ce a'a, ta ba ni biro. Na rubuta da hannuna a ƙasan bayanin, na sa lokaci da agogon sama, na buga hatimi. Sannan na tura mata hatimin ta ƙetaren tebur, don na san doka, wanda ya buga shi a kan ƙarya ko da wuƙa a wuya ba ya komawa gida da shi. Ta sa shi a ambulan ta liƙe.

Togoi yana waje, zaune a kan bonet ɗin mota cikin rana, rawani ya rufe masa rabin fuska. Labari ya riga ni fita. Ya sauko, ya dubi goshina inda ya fasa, ya dubi hannun, ya kasa haɗa ido da ni.

"Shef, sun ce ba kai ba ne. Sun ce saboda yayana aka yi maka wannan." Ya kwance wuƙar daga damtsensa, da kubenta, ya miƙo mini da hannu biyu. "Ka rama, ko ka yafe."

"Mayar da abarka," na ce. "Yayanka bai yi kuskure ba, wannan ka kai wa mahaifiyarku yau. Sauran kuma ka jira rahoto ya fito, ka sa a karanta maka shi har ƙarshe. Sunana yana ciki."

"A matsayin me?"

"In ka ji, ka zo. Mursal, shuɗiyar ƙofa, kusa da mai gawayi. Ba na fita ko'ina yanzu."